Yadda ɗan majalisar jiha zai nemi kujerar Majalisar Tarayya ba tare da ya yi biyu-babu ba

A duk zagayowar zaɓe a Najeriya akan samu 'yan majalisar dokokin jihohi da suke ganin lokaci ya yi da za su matsa gaba, su nemi ɗaya daga cikin kujeru 360 na Majalisar Wakilai ko kujeru 109 na Majalisar Dattawa. Burin halastacce ne, kuma ƙasa tana amfana idan mutumin da ya riga ya san yadda ake karanta kasafin kuɗi da yadda ake bin ƙudiri daga karatu na farko zuwa na uku ya isa Abuja. Abin da yake damuna shi ne yawan nagartattun 'yan majalisa da suke barin kujerar da ke hannunsu, su rasa wadda suka nema, alhali ba jama'a ne suka ƙi su ba. Mafi yawansu sun faɗi tun kafin ranar zaɓe, wajen neman tikitin jam'iyya ko wajen cika takarda, don haka a kan waɗannan wurare biyu wannan bayani zai fi tsayawa.

Fara da lissafin abin da za ka bari

Abu na farko da ya kamata ɗan majalisa ya fahimta shi ne cewa wannan hanya ba ta da juyawa. Wa'adin majalisun jihohi da na Majalisar Tarayya duk shekara huɗu ne kuma a shekara ɗaya suke ƙarewa, jam'iyyu kuma suna gudanar da zaɓen fid da gwani na kujerun biyu da tazarar 'yan kwanaki kawai, bayan kowa ya riga ya sayi fom ɗin kujerar da yake so. Dokar Zaɓe ta 2022 ta ce duk wanda ya yarda da saninsa aka tsayar da shi a mazaɓa fiye da ɗaya ko a jam'iyya fiye da ɗaya, takararsa ta rushe. Ma'ana, ranar da ka sayi fom ɗin tarayya, ka buɗe wa wani ƙofar kujerarka ta jiha.

Masu son ƙarfafa wa ɗan takara gwiwa sukan kawo misalin Barack Obama, wanda ya fara a majalisar dattawan jihar Illinois a 1997 ya kuma ƙare a fadar shugaban Amurka. Sai dai sukan tsallake shekarar 2000, lokacin da ya nemi tikitin jam'iyyarsa na majalisar wakilai a kan Bobby Rush, wanda yake riƙe da kujerar tun 1993, ya sha kaye da ratar da ta kai kusan ninki biyu. Abin da ya cece shi shi ne kujerarsa ta jiha ba ta cikin waɗanda ake zaɓe a wannan shekarar, sai ya koma aikinsa, ya sake shiri, ya ci kujerar sanata a 2004. Ɗan majalisar jiha a Najeriya ba shi da wannan gata. Idan ya faɗi, zai yi shekara huɗu a waje, kuma wanda ya gaje shi a mazaɓar ba zai zauna yana jiran dawowarsa ba.

Saboda haka, kafin ka gaya wa kowa niyyarka, ka zauna da mutum biyu ko uku da ba sa jin nauyin faɗa maka gaskiya, ku auna girman filin da za ka shiga. A jihar Kano, misali, akwai ƙananan hukumomi 44, kujerun majalisar jiha 40, kujerun Majalisar Wakilai 24 da na sanata 3. Ɗan majalisar jiha a can yakan wakilci ƙaramar hukuma ɗaya, wani lokaci biyu, kuma yawanci an san gidansu, an san mahaifinsa, ya halarci jana'iza da ɗaurin aure a kusan kowane gari. Kabiru Alhassan Rurum, wanda ya riƙe muƙamin kakakin majalisar dokokin Kano yana wakiltar Rano, da ya tafi Majalisar Wakilai a 2019 sai da ya nemi ƙuri'ar Rano da Bunkure da Kibiya gaba ɗaya. Wanda kuwa ya ce sanata yake so a Kano ta Kudu, ƙananan hukumomi 16 ne a gabansa. A ƙananan hukumomin da ba naka ba, mutane ba sa binka bashin komai kuma kai ma ba ka bin su, kuma suna da 'ya'yansu da suke ganin sun cancanta.

A nan ne maganar karɓa-karɓa take shigowa. Ba a rubuta ta a kundin tsarin mulki ba, amma a mazaɓun tarayya da yawa akwai fahimta tsakanin dattawa cewa idan wannan ƙaramar hukuma ta yi zango biyu sai a bar wa maƙwabciyarta. Ka binciki tarihin kujerar tun daga 1999, ka rubuta sunan kowane wanda ya riƙe ta da garin da ya fito. Idan lissafin ya nuna ba lokacin yankinku ba ne, to ka sani za ka yi faɗa da al'ada ne ba da mutum ɗaya ba, kuma a ganina gara ka ƙara zango ɗaya a jiha da ka shiga irin wannan faɗa ba tare da wani babban dalili ba. Solomon Olamilekan Adeola ya yi shekara takwas a majalisar dokokin Legas daga 2003 zuwa 2011, sannan ya yi zango ɗaya a Majalisar Wakilai, sai a 2015 ya shiga Majalisar Dattawa. Tsallake Majalisar Wakilai zuwa sanata kai tsaye abu ne mai yiwuwa, amma ya fi dacewa da wanda sunansa ya riga ya wuce iyakar mazaɓarsa, kamar kakakin majalisa ko shugaban masu rinjaye.

Sharuɗɗa da takardu

Sashe na 65 na kundin tsarin mulkin 1999 ya shimfiɗa sharuɗɗan, kuma suna da sauƙi: ka zama ɗan Najeriya, ka kai shekara 25 idan Majalisar Wakilai ce ko 35 idan ta Dattawa ce, ka yi karatu aƙalla zuwa matakin shaidar kammala sakandare ko kwatankwacinta, kuma wata jam'iyya ta tsayar da kai. Gyaran da aka yi a 2018 ne ya sauko da shekarun Majalisar Wakilai daga 30 zuwa 25, amma na sanata bai taɓa su ba. Ɗan majalisa mai ci ba ya buƙatar ajiye kujerarsa domin ya yi takara, tunda sharaɗin ajiye aiki kwana 30 kafin zaɓe ya shafi ma'aikatan gwamnati ne. Sai dai ka tuna da sashe na 109, wanda ya ce ɗan majalisar jiha zai iya rasa kujerarsa idan ya ƙaurace wa fiye da kashi ɗaya cikin uku na ranakun zaman majalisa a shekara ba tare da ƙwaƙƙwaran uzuri ba. Kada yawon neman goyon baya ya hana ka halartar zama, kuma kada ka ba abokan hamayya wannan makami.

Inda haɗarin yake shi ne takardun da ka riga ka saba miƙawa ba tare da an tsananta bincike ba. Takarar tarayya tana jawo lauyoyi masu tsada, kuma aikinsu na farko shi ne su karɓi kwafin fom ɗin EC9, wato takardar bayanan ɗan takara da ka rantse a kanta, su jera shi da wanda ka cika shekara huɗu ko takwas da suka wuce, su nemi inda ranar haihuwa ta bambanta ko inda sunan da ke takardar firamare bai yi daidai da na sakandare ba. Wannan matsala ta yi mana yawa a Arewa, inda yaro yakan shiga makaranta da sunan garinsu, ya fita da sunan mahaifinsa, daga baya ya ƙara laƙabin da aka fi saninsa da shi. A watan Fabrairun 2020 Kotun Ƙoli ta soke nasarar David Lyon a zaɓen gwamnan Bayelsa ana gobe za a rantsar da shi, saboda saɓanin sunaye a takardun mataimakinsa. Ka ɗauki dukkan takardunka ka kai wa lauyan da ya ƙware a shari'ar zaɓe tun shekara guda kafin sayar da fom, ya gyara abin da doka ta yarda a gyara ta hanyar da doka ta tanada, kuma duk takardar da kake da shakka a kanta kada ka saka ta, domin shaidar sakandare mai tsafta ta fi digirin da za a iya ƙalubalanta.

Tikitin jam'iyya

Zaɓen 2023 an yi shi ne a ƙarƙashin Dokar Zaɓe ta 2022, wadda ta ba jam'iyyu hanyoyi uku na fitar da ɗan takara: 'yar tinƙe inda duk mai katin jam'iyya yake zaɓe, zaɓen daliget, ko kuma maslaha. Majalisar Tarayya takan taɓa dokar zaɓe tsakanin wannan zaɓe da wancan, don haka wajibi ne ka mallaki kwafin dokar da take aiki a shekarar takararka tare da jadawalin hukumar zaɓe ta INEC da ƙa'idojin jam'iyyarka, ka karanta su da kanka. Abin da ya faru a 2022 ya isa ishara. A da, 'yan majalisa da sauran masu riƙe da muƙamai suna shiga zaɓen fid da gwani a matsayin daliget saboda muƙaminsu, amma yadda aka rubuta sashe na 84 na dokar 2022 ya bar zaɓaɓɓun daliget kaɗai, kuma gyaran da majalisa ta yi cikin gaggawa bai samu sa hannun shugaban ƙasa ba kafin a yi zaɓukan. 'Yan takarar da suka shafe watanni suna zawarcin manya sai suka wayi gari ƙuri'a tana hannun wasu 'yan tsirarun mutane daga kowace gunduma, waɗanda ba su taɓa kai wa ziyara ba.

Darasin shi ne aikin neman tikiti yana farawa ne daga zaɓen shugabannin jam'iyya na gunduma da na ƙaramar hukuma, tun kafin a fara maganar takara. Ka san ciyaman da sakatare da shugabar mata da shugaban matasa na kowace gunduma a mazaɓar tarayyar da kake nema, ka san su da sunansu kuma a gidajensu. Ka tabbatar sunayen magoya bayanka suna cikin rajistar jam'iyya, domin dokar 2022 ta wajabta wa jam'iyya miƙa wannan rajista ga INEC kwana 30 kafin zaɓen fid da gwani, kuma wanda ba ya ciki ba shi da bakin magana ko da ya fi kowa ƙoƙari a wajen taro.

Babu amfanin ɓoye gaskiya game da gwamna. A jam'iyyar da take mulkin jiha, shi ne jagora, kuma da wuya tikitin tarayya ya fita ba da saninsa ba. Ka je ka gaya masa niyyarka da bakinka kafin ya ji a rediyo ko ya ga fosta a titi. Idan ya ce ka dakata, ka nemi sanin dalili da kuma abin da aka tanadar maka, ka auna. Idan aka kira ku zaman maslaha, ka sani cewa dokar 2022 ta ce maslaha ba ta inganta sai kowane ɗan takarar da aka tantance ya rubuta amincewarsa ta janyewa, in ba haka ba dole a koma zaɓe. Wannan sa hannu shi ne ƙarfinka, saboda haka kada ka bayar da shi a cikin ɗakin da aka cika da manya da tsakar dare, kafin ka yi shawara da mutanenka da lauyanka.

Wanda aka hana tikiti yakan yi tunanin sauya sheƙa, kuma akwai waɗanda hakan ya yi wa rana, kamar yadda Rurum ya koma Majalisar Wakilai a 2023 a ƙarƙashin NNPP. Amma ga ɗan majalisar jiha mai ci akwai tarko a sashe na 109 na kundin tsarin mulki, wanda ya ce duk wanda ya bar jam'iyyar da ta kawo shi kafin wa'adinsa ya cika ya rasa kujerarsa, sai fa idan jam'iyyar ta dare gida biyu ko ta haɗe da wata, kuma kotuna sun fassara wannan darewa da wadda ta shafi shugabancin jam'iyya na ƙasa, ba rikicin gunduma ko na jiha ba. Ban da wannan, sai ka duba ko sabuwar jam'iyyar tana da mutanen da za su tsaya maka a akwati, domin farin jinin mutum ɗaya ba ya tsare ƙuri'a a ƙauyen da ba shi da wakili.

Akwai kuma abin da ba laifinka ba ne amma zai iya cinye ka, wato ingancin zaɓen fid da gwanin kansa. A watan Mayun 2019 Kotun Ƙoli ta soke nasarar dukkan 'yan takarar APC a Zamfara, daga gwamna har 'yan majalisar jiha da na tarayya, saboda jam'iyyar ba ta gudanar da sahihin zaɓen fid da gwani ba. Ka tabbatar uwar jam'iyya ta ƙasa ce ta turo kwamitin zaɓen, an sanar da INEC cikin wa'adin da doka ta gindaya, jami'anta sun halarta, kuma ka karɓi kwafin sakamako da rahotonsu. Idan aka yi maka rashin adalci, kundin tsarin mulki ya ba ka kwana 14 kacal daga ranar da abin ya faru ka shigar da ƙara, kuma hanyar da lauya ya bi wajen shigar da ita tana iya zama sanadin faɗuwa. Bashir Machina ya yi nasara a Babbar Kotun Tarayya da Kotun Ɗaukaka Ƙara a kan tikitin sanatan Yobe ta Arewa, amma a Fabrairun 2023 Kotun Ƙoli, da rinjayen alƙalai uku a kan biyu, ta ba Ahmad Lawan, bisa hujjar cewa ba a shigar da ƙarar ta hanyar da ta dace da zargin da ke cikinta ba.

Kuɗi

A 2022 APC ta sayar da fom ɗin majalisar jiha a kan naira miliyan 2, na Majalisar Wakilai miliyan 10, na sanata miliyan 20, yayin da PDP ta sayar da nata a kan naira dubu 600, da miliyan 2.5, da miliyan 3.5. Dokar Zaɓe ta 2022 ta ƙayyade kuɗin yaƙin neman zaɓe a kan miliyan 30 ga majalisar jiha, miliyan 70 ga Majalisar Wakilai da miliyan 100 ga sanata. Shawarata ita ce ka raba abin da kake da shi kashi uku, na tikiti da na babban zaɓe da na kotu, kuma kada ka bari zumuɗin fid da gwani ya cinye kashi na uku. Kada ka jinginar da gidan da iyalinka suke ciki. Wanda ya shiga majalisa da bashin ubangida a wuyansa yakan shafe wa'adinsa yana biya da ayyukan mazaɓa, talakawan da suka zaɓe shi su ne suke asara.

Yaƙin neman zaɓe da ranar ƙuri'a

Babban jarin ɗan majalisar jiha shi ne yana da abin nunawa. Ka tattara ƙudirorin da ka gabatar, da ayyukan da ka sa aka shigar cikin kasafin jiha, da makarantu ko asibitocin da ka bi diddiginsu har aka kammala, ka faɗe su a rediyo da sunan gari da shekara, domin mutumin ƙaramar hukumar da ke maƙwabtaka zai iya zuwa ya gani da idonsa. Sannan ka koyi yin magana a kan abin da yake hurumin tarayya, kamar 'yan sanda da soja, manyan hanyoyin tarayya, kwastan da kasafin ƙasa, kada ka yi alkawarin abin da yake aikin gwamna ne ko ciyaman. Ka kuma kula da wanda zai gaje ka a kujerar jiha, domin idan kuka ɓata, ka rasa gidanka a daidai lokacin da kake neman na maƙwabta.

Zaɓen Majalisar Tarayya ana yin sa rana ɗaya da na shugaban ƙasa, kamar yadda aka yi ranar 25 ga Fabrairun 2023, kafin na gwamnoni da majalisun jihohi da aka yi ranar 18 ga Maris. Wannan yana nufin guguwar ɗan takarar shugaban ƙasa za ta iya ɗaga ka ko ta kayar da kai, don haka ka koya wa masu zaɓe bambanta takardun ƙuri'a uku da za a miƙa musu. Kujerar majalisa ana cin ta ne da rinjayen ƙuri'a kawai, babu sharaɗin samun kaso a wurare daban-daban, saboda haka kowace rumfa tana da daraja. Ka sa wakili mai iya karatu da lissafi a kowace rumfar zaɓe, ka biya shi haƙƙinsa kafin ranar, ka koya masa ya duba adadin waɗanda na'urar BVAS ta tantance, kada ya sa hannu a fom ɗin EC8A, wato takardar sakamakon rumfa, sai alƙaluman sun yi daidai, ya karɓi kwafinsa ya ɗauki hotonsa, ya bi akwatin har wurin tattara sakamako na gunduma. Waɗannan kwafe-kwafe su ne shaidarka idan aka je kotu, inda kake da kwana 21 daga bayyana sakamako ka shigar da ƙara, kotun kuma tana da kwana 180 ta yanke hukunci.

Ka sani cewa shari'ar zaɓen 'yan majalisa tana ƙarewa ne a Kotun Ɗaukaka Ƙara. A 2023 wannan kotu ta cire 'yan majalisar PDP na jihar Filato bisa dalilin rikicin shugabancin jam'iyya, kuma ta wannan shari'a Simon Lalong, tsohon kakakin majalisar dokokin jihar kuma tsohon gwamna, ya samu kujerar sanatan Filato ta Kudu. A Janairun 2024 Kotun Ƙoli ta yi watsi da wannan dalili a shari'ar Gwamna Caleb Mutfwang ta mayar masa da kujerarsa, amma 'yan majalisar ba su da hanyar kai tasu ƙarar can. Saboda haka lauyan da ya fi kowa ƙwarewa a cikin tawagarka ka tanade shi tun daga kotun farko.

Idan Allah ya ba ka nasara, ka shiga Abuja da sanin cewa shekarun da ka yi a majalisar jiha, ko da kakaki ka riƙe, ba sa shiga lissafin girma a can, domin ƙa'idojin majalisun biyu suna fifita waɗanda suka riga suka zauna a Majalisar Tarayya wajen zaɓen shugabanni. Ka nemi shiga kwamitocin da suka shafi buƙatar yankinka, noma ne ko ruwa ko tsaro, ka buɗe ofishin mazaɓa a wurin da mutanen dukkan ƙananan hukumominka za su iya kaiwa cikin sauƙi, kuma ka ɗauki ma'aikatansa daga kowace ƙaramar hukuma, ba daga garinku kaɗai ba.